Injin Issufu da Ke Mutuwa a Tsakiyar Kogi

Tun ranar da na dawo daga Gaya ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a fada, wato majalisarmu ta hira, sai wani ya taso da tambaya, wai da gaske ne na shiga jirgin ruwa, ni Laminu, wanda ko kududdufi ya tare hanya da damina sai na kewaye ta wata unguwa? Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya ɗauka sai ya ƙara masa gishiri, har na ji ana cewa wai suma na yi. Ban suma ba. To ga shi na rubuta, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni bakanike ne a nan Birni, cikin Damagaram, na tsufa ina gyaran injin niƙa da injin ban-ruwa na masu lambu. Injin jirgi kuwa ko a mafarki ban taɓa kwance shi ba. Wanda ya jawo ni cikin sha'anin nan Issufu ne, ɗan gwaggona ta Hamdara, wato taubashina. Tun muna samari ya ajiye hauya ya yi yamma neman abin kansa, ya ƙare a bakin kogi a Gaya. Can ya yi wa wani dattijo mai jirgi hidima har ya ba shi ƴarsa, da zai rasu kuma ya bar masa jirgin da injinsa. Ni da Issufu ba mu iya gaisuwa ba sai da tsokana. Ranar da ya kira ni a waya ya gaishe ni tsaf kamar surukinsa, na san da magana.

Injin ne ya ɓata masa suna. In jirgin babu kowa, lafiya lau yake tafiya. Da an cika shi an kai tsakiya, inda ruwa ke da ƙarfi, sai ya yi tari ya mutu. Sau biyu kogi yana tafiya da su, da mata da goyo a ciki, sai da wasu jirage suka bi su suka jawo. Sarkin jirgi, shugaban masu fito a mashigar nan, ya dakatar da shi, ya ce ranar kasuwa mai zuwa za a gwada shi a gaban kowa, in injin ya sake mutuwa an cire shi daga layi ke nan. Kanikawan Gaya uku sun duba, kowa ya ce bai ga ciwo ba. Halin sayen sabo kuma babu. Ya ce mini shekara da shekaru yana haƙuri da sunan ɗan tudu da suke kiransa har ya sami gindin zama, in aka cire shi yanzu babu abin da ya rage sai ya kwashi iyali ya koma Hamdara da furfura, hannu Rabbana. Na ce masa ban san injin ruwa ba. Ya ce inji inji ne, shi dai ni ya yarda da ni.

Washegari bayan asuba na hau kar, babbar motar fasinja, da jakar kayan aikina. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wani dattijon Bafillace mai zuwa Doso. Da ya ji ni Badamagare ne, kakata kuma Babarbariya, shi ke nan ya sami nama. Ya ce ai bawansa ya tsinta, ya sa hannu a guzurina ba sallama. Kafin mu kai Tasawa ya cinye mini rabin kilishi, yana ci yana kushewa. Ni ma ban bar shi ba, na tambaye shi wa ya koya masa zaman kujera, ko saniya ya bari tana tsare masa gida. Haka muka yi ta yi har Maraɗi, tafiyar ta yi mana sauƙi.

Gaba da Ƙonni aka tsayar da mu a shinge. Wani jandarma ya ji jakata da nauyi ya sa na buɗe, ya ga kile-kilen kwance noti da sukurdireba. Ya tambayi sana'ata, ni kuma don neman girma na ce masa injin jirgin ruwa za ni gyarawa. Ya dubi katina ya ga Damagaram, ya sake dubana, sai ya kira ɗan'uwansa ya zo ya ga abin mamaki. Suka yi ta dariya, ɗaya na tambaya ko a rijiya muke tuƙa jiragenmu. Suka miƙo mini jakar da addu'ar Allah ya ba da sa'a. Bafillacen nan kuwa bai bar maganar ba har muka rabu.

Mun sauka Doso bayan magariba, na kwana a tasha bisa tabarmar aro, sauro ya yi mini maraba. Da safe na shiga ƙaramar mota zuwa Gaya. Tun a hanya na fara ganin ƙasa ta sake, ga giginya, ga rake, ga shinkafa a fadama. Amma kogin kansa, jama'a, sai wanda ya gani. Mu da aka raina da jiran famfo da kiran mai garuwa, na tsaya ina kallon wata mata tana wanke tukunya ɗaya da ruwan da zai ishi gidana kwana biyu, ta watsar ta sake ɗiba. Sai da na kawar da kai, don raina ya fara ɓaci da baiwar Allah alhali ba ta yi mini komai ba.

Issufu ya rame, dariyarsa ma ta rage. Ya sauke ni a zaurensa, matarsa Hadiza ta ɗaura mini gidan sauro. Ita ƴar masunta ce, doguwa, ba ta da yawan magana, in ta yi kuma ba ta zagaye. Abinci kuwa shinkafa da kifi da safe, shinkafa da kifi da rana, da dare a juya a ce kifi da shinkafa. Su suna ci suna hira, ƙaya na fita ta gefen baki ita kaɗai. Ni loma ta uku ƙaya ta tsaya mini a wuya, na yi ta kakari ina hawaye a gaban mutane, sai da Hadiza ta dunƙula mini shinkafa ta ce in haɗiye kar in tauna. Na nemi fura aka kawo mini wata tsararo, na sha don kunya. Sai dai in faɗi gaskiya, kafin in baro garin na koyi cin kifin nan har ina neman ƙari.

Ranar farko na sa aka ciro injin aka kafa shi a bakin tano, wato babbar ganga, cike da ruwa, a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida. Tsohon inji ne, fentinsa duk ya tafi, amma ƙarfensa na kirki ne. Ba shi da tanki a jikinsa, esansi, wato fetur, a jarka ake zuba shi, wadda muke kira bido, a jawo da tiyo. Na ɗauki bidon na rataye a reshen mangwaro, yadda na saba yi a garejina, ban ko yi tunani ba. Na ciro buji, wato filogi, na goge. Na kwance karburato gaba ɗaya, na wanke, na hura kowane rami da bakina. Na tace man da ƙyalle ko da ruwa a ciki, babu. Na duba farfela, na duba ruwan da ke sanyaya shi yana fita yadda ya kamata. Da na ja igiya ya tashi tashi ɗaya, na murɗa masa wuta har ruwan tano ya jiƙa kajin Hadiza. Na dubi Issufu na ce masa kanikawan Gaya su koma makaranta.

Aka mai da shi jirgi, Issufu ya zagaya shi kaɗai, ni ina tsaye kan tudu ina harɗe da hannu. Sumul. Sai ya ari buhunan masara wurin maƙwabcinsa ya loda, ya sake shiga. Ina ji da kunnena, yana kaiwa tsakiya injin ya yi tari uku ya yi shiru. Da filafili ya dawo, gumi har ƙafa.

Rana ta biyu na ɗora laifin kan wuta. Muka aro bobin, abin da ke ba buji wuta, wurin wani mai jirgi na sa, na canza buji sababbi. A tano ya yi waƙa, a kogi da kaya ya mutu. Na sake kwance karburaton da na san na wanke, don dai a ga ina aiki. Issufu ya yi ta lallashina in shiga jirgin in ji da kaina, ni kuma ina ta kawo dalilai, yau in ce daga nesa kunne ya fi ji, anjima in ce ƙafata ke ciwo. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Saura kwana biyu kasuwa.

Da la'asar Hadiza ta kawo mana ruwan alwala, ta ajiye buta, ba ta tafi ba.

"Malam Laminu," ta ce, "mara lafiya na cikin ɗaki, kai kana tsakar gida kana ba shi magani ta taga. In ba za ka shiga ba ka faɗa mana, mu fara ɗaure kaya."

Na dubi Issufu, shi kuma ya dubi ƙasa. Na ce mata gobe da safe zan shiga, Allah ya sa ina da sauran kwana.

Tun da an hana shi ɗaukar fasinja, maƙwabci kuma ya kai masararsa niƙa, Hadiza ce ta samo mana kaya. Ta bi gidajen danginta ta tattaro ƴan'uwanta maza da mata, mutanen da tun suna rarrafe suke iyo, suka cika jirgi suna raha kamar masu zuwa biki. Ni kaɗai ne a ciki wanda in ya faɗa ruwa sai dai a yi masa addu'a. Na cire takalma, na karanta duk abin da na haddace, na zauna a ƙasan jirgin dab da ƙafar Issufu, don ban yarda da benci ba. Bidon man yana kan benci na ƙarshe, kusa da injin. Har za mu tashi sai ga wata tsohuwa, Iya Gambi, ƙanwar uban Hadiza, ta ce ita ma da ita. Babu wurin zama. Issufu ya sauke bidon ya ajiye a ƙasa kusa da ni, ya goge bencin da hannun rigarsa, ya zaunar da ita. Na gani da idona, amma hankalina yana kan ruwa.

Muka tashi. Ban san jirgi na rawa haka ba. Da muka kai inda ruwan ya yi duhu, Issufu ya ƙara wuta don ya yanke shi, can sai na ji tarin nan na farko. Na biyu. Kan jirgin ya fara karkata yana bin ruwa. To a bakin gaɓa na ga masunta na ɗaura wa tarunsu bido don kar ya nutse, sai zuciyata ta ce mini ga abin tsira nan kusa da kai. Na rarumi bidon man nan, na miƙe bisa gwiwoyina, na rungume shi a ƙirji har haɓa, ina salati. Ban tuna da Issufu ba, ban tuna da tsohuwa ba, kaina kawai na sani.

Injin da ke shirin tari na uku sai ya gyara murya ya ɗauka.

Issufu ya dube ni, na dube shi. Kunya ta kama ni, na lallaɓa na mai da bidon ƙasa kamar ba ni ba. Ba mu yi nisa ba ya sake tari. Na ɗaga, ya ɗauka. A nan ne bakaniken da ke cikina ya farka, har na manta a kan ruwa nake. Na sake ajiyewa da gangan, na jira, ya yi tari, na ɗaga. Na ce wa Issufu ya miƙe kawai, na kama ɓarawon. Haka muka ƙetare, ni a durƙushe da bido a ka kamar mai tallan koko, esansi na tsiyaya ta murfi yana bin wuyana, dangin Hadiza kuwa har da masu riƙe ciki. Iya Gambi ta tambaya ko haka ake gyara a Damagaram.

Ga abin da ya faru, don masu sana'a. A jikin injin akwai ɗan famfo da ke zuƙo mai daga bido, cikinsa da wata fata siririya da ke bugawa. Fatar nan ce ta tsufa. In bido na sama, man da kansa yake gangarowa, famfo ko ya gaji ba a ganewa. In bido na ƙasa kuma aka buɗe wuta, ba ya iya ɗago abin da injin ke sha, sai ya shaƙe. Issufu in shi kaɗai ne a benci yake barin bidon, in ya sami mutane ko kaya sai ya sauke shi don ya ba su wuri. Kanikawan da suka duba duk jirgi babu kowa suka gwada. Ni kuwa gwanin gwanaye, duk injinan da na sani tankinsu a ka yake, shi ya sa na rataye bido a reshe, na rufe ciwon da hannuna kwana biyu ina zagin mutanen kirki.

Ƙetaren nan ƙasar Benin ce, garin Malanbil. Ni iyakar da na sani ita ce ta wajen Magarya in za ni Kano sayen kayan inji, a sauka a mota a nuna kati a wuce. Nan kuwa daga ruwa kake fitowa ka hau tudu, ga ma'aikatan iyaka a rumfa. Dangin Hadiza suka wuce ana gaisawa da su da suna. Ni na ciro katina daga aljihun gaba, ashe ya sha esansi. Ma'aikacin ya karɓa da yatsu biyu, ya shinshina, ya yi maza ya take sigarinsa da takalmi. Ya yi mini tambaya da Faransanci, nawa kuma tun na lakwal, makarantar boko, ya ƙare, sai Issufu ne ya ba shi labarin da yaren wurin. Ya yi dariya ya miƙo mini katin, ya ce in yi nesa da masu suya.

Kasuwarsu babba ce, ba ranar ci ba ma cike take. Muka sami mai sayar da kayan injin jirgi a wani lungu, ya juye mana kwali guda, muka yi ta tono har Allah ya sa muka dace da fatar da ta yi daidai. Kafin mu koma Issufu ya saya mini wani farin tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi da yaji. Yajin ya kusa tsaga mini kai, amma na cinye. A bakin ruwa na kwance famfon a kan ɗankwalin da Hadiza ta shimfiɗa mini don kar ƙananan sukurori su ɓace a yashi. Tsohuwar fatar ta bushe ta yi tauri, da na ɗaga ta a rana sai ga tsaga kamar gashi. Issufu ya ce ko ya kafa wa bido katako a sama a huta. Na ce a'a, ban zo daga Damagaram don in ɓoye ciwo sau biyu ba. Da za mu dawo ni na ajiye bidon a ƙasa da hannuna, na sa ya buɗe wuta iyakarta. Ko tari ɗaya bai yi ba, ni ma a benci na zauna, ko da yake na riƙe shi da hannu biyu.

Ranar kasuwa mashiga ta cika. Sarkin jirgi wani gajeren dattijo ne mai sanyin murya. Shi ya zaɓi kayan da kansa, buhunan albasa da mutane har jirgin ya zauna sosai a ruwa, sannan ya tattare rigarsa ya shiga ya zauna a tsakiya. Ni da Hadiza muna kan tudu. Ban kalli jirgin ba, kunne na kasa. Da suka kai tsakiya na ji Issufu ya ƙara wuta, muryar injin ta tafi a miƙe har ta yi nisa ta ɓace. Da suka dawo dattijon ya sauka, bai yi wani jawabi ba, ya dai ce wa mai kiran layi ya mai da Issufu wurinsa na da. Ya miƙo mini hannu ya ce sannu da aiki. Issufu kuwa ya sunkuya gefen jirgi yana wanke fuska, ya daɗe yana wankewa, mu kuma muka ba shi baya. Na yi farin ciki ranar nan irin wanda na daɗe ban yi ba.

Dawowa ba ta da labari, barci na yi ta yi. Na kwana ɗaya a gida, na hau babur zuwa Hamdara in kai wa Gwaggo saƙon ɗanta, busasshen kifi da turmin zane. Na same ta a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Na zauna na ba ta labari tun daga farko, ina yi ina kwaikwayon tarin injin, tana murmushi. Da na gama ta ce, "To ya zauna can ke nan?"

Na ce ya zauna, Gwaggo, an mai da shi layinsa.

Ta gyaɗa kai ta ci gaba da ɓara. A lokacin ne idona ya kai kan ɗakin da ke bayanta, wanda Issufu ya kwana a ciki yana saurayi. An yi masa sabon yaɓe, an sake jinka, har ƙofar an sa mata sabon asabari. Ashe ya gaya mata a waya cewa mai yiwuwa ne ya dawo. Wallahi murnar da na ɗauko tun daga Gaya sai na ji ta yi mini nauyi.

Ta ga inda nake kallo. "Na sa an gyara ne ko da za a buƙata," ta ce. "Bar shi, a zuba hatsi a ciki. Allah ya yi maka albarka, Laminu. Gara ya yi nisa kansa a ɗage, da ya zauna kusa da ni a sunkuye."

Na ce amin. Na jawo kwandon gabana na taya ta ɓarar gyaɗar har aka kira la'asar.